Sunan Da Aka Keɓe A Ma'ajiyar Wasiƙun Imel

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a ofishin rajista ya san rikicin da kan tashi idan fayil biyu suka ci suna ɗaya. Takardar da ake nema takan shige inda ba a zata ba, a yi ta kai da komo har a gaji. Wannan matsala ta bi wasiƙun imel har cikin kwamfuta.

A shekarar 1995 wani masani Ba'amurke, Daniel Bernstein, ya fito da tsarin ajiya mai suna Maildir. A cikinsa kowane akwatin wasiƙu yana da ɗakuna uku. Akwai tmp, inda wasiƙa ke sauka kafin ta kammala shigowa. Akwai new, inda take jira. Sa'an nan cur, inda take komawa bayan manhajar mai ita ta gan ta. Hikimar ita ce kada a miƙa wa mutum rabin wasiƙa.

To, amma mai akwati shi ma yana da ikon buɗe jakunkuna ya raɗa musu suna. In ya kira wata new, aka kuwa ajiye ta wuri ɗaya da ɗakunan nan, sai na'ura ta kasa bambance nata da nasa, wasiƙu su cakuɗe.

Masana sun ɓullo wa abin ta hanyoyi dabam-dabam. Sam Varshavchik, a tsarinsa na Maildir++, ya sa ɗigo a gaban sunan kowace jakar mai akwati. Sai dai ɗigon nan shi ne kuma ke raba jaka da 'yar cikinta, don haka wanda ya rubuta "Kasafi.2024" zai tarar da jaka cikin jaka. Masu manhajar Dovecot kuwa, a tsarinsu na dbox, sun zaɓi sunan da da wuya wani ya so shi, watau dbox-Mails. Ƙa'idar IMAP, wadda Mark Crispin ya fara a 1986, ta keɓe INBOX, ko da manyan baƙaƙe ko da ƙanana.

A 2011 aka ƙara wata ƙa'ida: ana liƙa wa jaka alamar aikinta, ba a dogara da sunanta ba. Ta haka jakar wasiƙun da aka aika za ta iya amsa sunan Hausa, na'ura ba ta ruɗe ba.

Saboda haka ya kamata ma'aikacin da aka damƙa wa ma'ajiyar ofis ya san sunayen da aka keɓe tun kafin ya buɗe jakar farko. Rigakafi, an ce, ya fi magani.