Gidajen Katako na Bryggen: Fatauci da Sawunsa a Cikin Harshe

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda rukunin tsofaffin gidajen katako na bakin teku a birnin Bergen na ƙasar Norway ya zama taskar tarihin fatauci da na harshe. Ana kiran unguwar Bryggen, wato matsayar jiragen ruwa.

Tsarin Gidajen

Tun ƙarni na 14 fataken Jamus na ƙungiyar Hansa suka kafa sansani a wannan gaɓa, ba a kuwa rufe shi ba sai 1754. Hatsi suke kawowa, su sayi busasshen kifi daga masuntan arewacin ƙasar. Irin kifin nan ne har yau ake shigowa da shi Nijeriya, wanda Ibo ke kira okporoko.

An jera gidajen a dogayen layuka masu fuskantar ruwa, da lunguna a tsakaninsu, domin sauƙin sauke kaya. Ƙasa rumbun kifi, sama ɗakunan kwana. Saboda tsoron gobara an hana hura wuta a cikinsu, sai a wasu zaurukan da aka keɓe a baya. Duk da haka wuta ta cinye unguwar a 1702, aka sake ginawa bisa tsohon tsari. Gine-gine 62 ne suka rage, UNESCO kuma ta sanya su cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Sawun Harshe

Gobarar 1955 ta ba masu haƙar kayan tarihi damar tona ƙarƙashin gidajen. Sun sami kimanin rubuce-rubuce 670 na tsofaffin haruffan arewacin Turai, akasari a jikin itace: alamomin masu kaya, wasiƙun ciniki, addu'o'i, har da saƙonnin soyayya. Wannan ya tabbatar da cewa talakawa sun yi amfani da haruffan a harkokin yau da kullum.

Haka nan, Jamusancin fataken ya zuba ɗimbin kalmomin aro cikin harshen ƙasar. Karin harshen Bergen jinsi biyu yake da shi maimakon uku, masana da dama kuma suna danganta hakan da wannan cuɗanya.

Kammalawa

Ashe inda fatake suka daɗe suna sauke kaya, nan suke barin kalmominsu. Rushewar irin waɗannan gidaje asarar hujja ce ga mai nazarin harshe.