"Deem" da "redeem": kalmomin Turanci biyu da ke rikitar da masu fassara

Duk wanda ya taɓa fassara takardar gwamnati ko hukuncin kotu daga Turanci zuwa Hausa ya san cewa gajerun kalmomi sun fi dogaye ba da wahala. Daga cikinsu akwai "deem" da "redeem". A ido, sai mutum ya zaci ta farkon ce aka yi wa ɗafa-goshi aka sami ta biyun, kamar yadda "rebuild" ke nufin sake gini. To, ba haka ba ne. Kalmomin ko dangi ba su haɗa ba.

"Deem" tsohuwar kalmar Ingilishi ce, kuma ma'anarta ta asali ita ce yanke hukunci. Tushensu ɗaya da "doom", wadda a da take nufin hukunci kafin ta koma nufin halaka. Har yau a tsibirin Man, da ke tsakanin Ingila da Ailan, "Deemster" ake kiran manyan alƙalai. A maganar yau da kullum kalmar ta yi sanyi, ta zama gani ko ɗauka: idan jami'i ya ce zai yi abin da ya "deem" ya dace, yana nufin abin da ya ga ya dace.

A bakin doka kuwa, nauyinta daban ne, kuma a nan ne mai fassara ke yawan zamewa. Idan doka ta ce "shall be deemed", ba zato take yi ba. Umarni take bayarwa cewa a ɗauki abu a matsayin kaza, ko da a zahiri bai faru haka ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 misali ce mai kyau. Ta bai wa hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar mai neman bayani, kuma idan wa'adin ya cika ba ta ce uffan ba, za a ɗauke ta a matsayin wadda ta ƙi bayarwa. Wannan ne ke buɗe wa ɗan ƙasa ƙofar kotu. Wanda ya fassara wurin da "ana zaton ta ƙi" ya rage wa mai karatu haƙƙinsa, domin zato ba ya ɗaure kowa.

Da kalmar ce kuma sashe na 134 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya fayyace lokacin da za a ɗauki ɗan takarar shugaban ƙasa a matsayin zaɓaɓɓe: ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na jihohi da Babban Birnin Tarayya.

Tana da makusanciya, wato "presume", wadda sashe na 36 ya yi amfani da ita wajen cewa wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa. Wannan ɗauka ce da hujja ke iya rushewa.

Ita kuwa "redeem" daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin sake sayen abin da ya fita daga hannu. Hausa tana da daidai da ita: fansa. Manomin da ya jinginar da gonarsa, ya dawo ya biya ya karɓi abarsa, ya fanshe ta ke nan. Abin sha'awa, kalmar "ransom", kuɗin fansar da muke yawan ji a labaran garkuwa da mutane, daga wannan tushe ta fito, ta biyo ta Faransanci.

Sai dai "fansa" ba ta shiga ko'ina. A harkar kuɗi, "redeem" na nufin biyan masu takardun lamuni uwar kuɗinsu idan wa'adi ya cika, kamar Sukuk ta farko ta naira biliyan 100 da Ofishin Kula da Basussuka ya fitar a 2017 da wa'adin shekara 7. Idan gwamna ya "redeem" alƙawarin da ya ɗauka a wajen gidauniya, cika alƙawari ya yi. Ƙungiyar ƙwallon da ta sha kashi sannan ta yi nasara a wasa na gaba, ta wanke kanta ne. A wa'azin Kirista kuma "Redeemer" shi ne Mai Fansa, kuma daga wannan kalma cocin Redeemed, wanda aka kafa a Legas a 1952, ya sami sunansa.

Akwai tarko ɗaya da Hausar kanta ke ɗanawa. "Ɗaukar fansa" ramuwa ce, abin da Bature ke kira "revenge", kuma ba ta da alaƙa da "redeem". Kanun labarin da ya ce ɗan siyasa "zai ɗauki fansa", alhali mutumin cewa ya yi zai gyara sunansa da ya ɓaci, ya sa masa a baki barazanar da bai furta ba.