Yadda za a rage amsa-kuwwa idan ana naɗar murya

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, makarantu da dama a Gadarif suka zama matsugunin 'yan gudun hijira, wasunmu malamai kuma muka koma tura darasi ta WhatsApp. Ƙorafin da na fi ji daga ɗalibai shi ne wai muryata kamar daga cikin rijiya take fitowa. Na daɗe ina zargin wayata, ashe ɗakin ne.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan mutum ya yi magana a ɗakin siminti da babu kaya, muryar takan bugi bango ta dawo sau da yawa, sai waya ta ɗauki ta asali haɗe da waɗanda suka dawo, kowace gaɓa ta hau kan mai bi mata. A Hausa wannan ba ƙaramar illa ba ce, tunda tsawon wasali ne ke raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo.

An daɗe da sanin maganin. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa malamin kimiyya Wallace Sabine gyaran wani zauren lacca da ba a fahimtar magana a cikinsa. Ya riƙa shigo da katifun kujeru yana aunawa, har ya tabbatar cewa yawan abu mai laushi ne ke taƙaita amsa-kuwwa.

Mu a Gadarif muna da irin wannan a gida. Bukkar ciyawa da nan ake kira guttiya ta fi aji dacewa da naɗi, haka ma ɗakin ajiya cike da buhunan dawa da riɗi. In babu, a shimfiɗa darduma, a rataya bargo, a jingina katifa a bango. Sai a tafa hannu sau ɗaya: idan ƙarar ta mutu nan take, ɗakin ya yi. A kashe fanka, a kuma riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga baki, domin murya ta rinjayi abin da bango ke dawowa da shi.

To, idan an riga an naɗa fa? Na'urar rage hayaniya ta Audacity, manhajar kyauta, tana cire ƙara mai ɗorewa irin ta janareta, amma amsa-kuwwa muryarka ce da kanta, raba su yana da wuya. Manhajoji irin su iZotope RX da Adobe Podcast suna iya rage ta. Sai dai a yi a hankali, domin in aka matsa, murya takan koma kamar ta mutum-mutumi. A ajiye naɗin asali, sannan a saurari wanda aka gyara da abin kunne, a tabbatar ɓ da ɗ da ƙ suna fita sarai kafin a tura wa ɗalibai.