Zinarin Aure: Wa Zai Biya Idan Ya Salwanta?

A watan Mayun 2025 wata kotu a birnin Faris ta samu mutum takwas da laifi kan fashin da aka yi wa tauraruwar talabijin ta Amurka Kim Kardashian a Oktoban 2016, ranar da aka raba ta da zoben baikonta na lu'ulu'u mai darajar dala miliyan 4. Har yau ba a ga zoben ba, amma kamfanin inshora na AIG ya biya ta dala miliyan 6.1 a kan kayan da aka kwashe. Abin tambaya a nan shi ne: shin duk mai inshora haka ake share masa hawaye?

Sam ba haka ba ne. Mutane da dama na ɗauka cewa da zarar an yi wa gida inshora, duk abin da ke cikinsa ya samu kariya. Ko a Amurka, inshorar gida da aka saba yi takan tsaya ne a kusan dala 1,500 idan an sace kayan ado, kome tsadarsu. Mai son a biya shi cikakken kuɗin zobe sai ya kai shi wurin masani ya kimanta, a rubuta shi daban cikin yarjejeniya, sannan ya riƙa biyan kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na kimarsa duk shekara.

Zoben baiko ba al'adarmu ba ce, amma sarƙa da ɗankunne da awarwaron zinari da ke cikin lefe su ne asusun mace, su take sayarwa ranar da ta ɓaci. Kuma farashin zinari ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2024 oza guda tana kusan dala 2,000. A Oktoban 2025 ta haura 4,000, ga kuma faɗuwar naira. Wanda ya rubuta tsohon farashi ya yi shiru, tamkar wanda ya ɗinka wa yaro riga yana ɗan shekara biyar ne, ya ce ita zai sa ranar angwancinsa. Galibi kamfani ba zai biya fiye da abin da aka rubuta ba, don haka a riƙa sabunta kimar.

Masu ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca suna da mafita. Tun 2013 hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda mahalarta ke zuba gudunmawa a asusu ɗaya, a tallafa wa wanda asara ta faɗa wa, a raba rarar da ta saura. Abin takaici, hukuma da kamfanoni ba su cika saukowa su yi wa matan cikin gida wannan bayani da harshensu ba.

Mu ma da namu sakacin. Amarya nawa ce ta san giram nawa sarƙarta take, ko karat 21 ce ko 18? A auna, a ɗauki hoto, a adana rasit nesa da akwatin zinarin. In babu waɗannan, ko ɗan sanda ko kamfani ba wanda zai iya tsaya wa mai kaya.