Magarya mai aure

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙonni ya san magarya: ƙaya mai kama riga, ƴaƴa ƙanana da ƙwallo ya cinye rabinsu, yara su tsinta, mata su daka su yi akuri. Ba ta jiran ban ruwa. Saiwarta na nitsewa can ƙasa, shi ya sa take tsayawa a fako inda mangwaro ba zai kai labari ba.

Manoman Indiya kuwa sun daɗe da zaɓo irin magarya mai manyan ƴaƴa, kamar Gola da Seb da Umran. A farkon shekarun 2000 cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ta duƙufa wajen yaɗa su a Nijar, inda masanin noma Dov Pasternak ya ja gaba, aka laƙaba musu suna tuffar Sahel. Ɗan Gola kewayayye ne, ana cinsa ɗanye yana ƙaras-ƙaras, ga sinadarin bitamin C. Shi ke riga nuna. Umran sai daga baya.

Shuka ƙwallon tuffar Sahel ba ya maido irin uwar. Sai aure. A sami magaryar gida mai lafiya, a datse ta, a tsaga, a cusa ɗan reshen Gola mai ido, a ɗaure tam da leda. Gindi na gida, kai na baƙo. A nan amfanin yake ga manomin Illela ko Malbaza: magaryar da ta fito da kanta a gonar gero ma tana auruwa, kuma cikin shekara ɗaya zuwa biyu ta fara haihuwa.

Sai dai aure ba ya son sakaci. Duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin a cire shi, in ba haka ba gindin ya rinjayi baƙon. Da bazara, in ta kakkaɓe ganye, a rage rassa sosai, don a kan sabon reshe take fure ƙarshen damina, ƴaƴan su nuna da sanyin hunturu. Awaki kam, ba sai an faɗa ba, shinge dole ne.

Babbar matsala ƙuda ne mai saka ƙwai cikin ɗan itacen, ka gatsa ka iske tsutsa. A riƙa tsince waɗanda suka faɗi ana binnewa. Kuma tunda ɗanyen ba ya jure ajiya kamar busasshiyar magaryar daji, mai lambu a bakin kwaltar Ƙonni zuwa Galmi ya fi na lungu samun kasuwa.