Masu Kallon Taurari Cikin Ɗari

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, in watan Disamba ya kama, sanyi ya kan kora kowa ɗaki tun da sauran rana. Ruwa ya kan daskare a bokiti, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki. Amma akwai waɗansu mutane da wannan lokaci ne su ke jira duk shekara. Da rana malaman makaranta ne, da akawuna, da manoma, da ma'aikatan asibiti. Da dare kuwa sai su sa riga bisa riga, su ɗauki na'urar hangen nesa, su fita bayan gari inda babu fitilu, su raba dare suna duban sama. Ba mai biyansu ko sisin kwabo. Sha'awa ce kawai.

In sun taru, gardamarsu ɗaya ce kullum: wace na'ura ce ta fi? Mun ga ya kamata mu kawo muku wannan gardama, gama irin waɗannan kaya sun fara shigowa kantunanmu. Maigida ya na iya kashe albashinsa don ya faranta wa yara rai, bayan mako biyu abin ya koma ƙarƙashin gado. Bari mu ji abin da masu kwana cikin ɗari su ka koya.

Me ya sa sai lokacin sanyi?

Da fari, dare ya kan yi tsawo. A Landan, wajen 21 ga Disamba, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta kusan awa 16 ne. Na biyu, iska mai sanyi ba ta ɗaukar laima da yawa, saboda haka in gajimare ya washe sama ta kan yi garau. Na uku, taurari mafi haske a wannan lokaci su ke fitowa da wuri. Akwai Kaza da 'Ya'yanta, wadda kowane yaro a ƙauye ya sani. Akwai taron taurarin da a ke kira Oriyon, mai taurari uku a jere kamar ɗamara. Akwai kuma Siriyus, wadda ta fi kowace tauraruwa haske da dare.

Na'urorin da su ke gwadawa

Iri na fari shi ne mai gilashi a baki. Doguwar gora ce, gilashin da ke bakinta ya tattara haske ya kai shi ƙarshenta, inda mutum ya ke ɗora ido. A ƙasar Holand aka fara yin ta a 1608. Da irinta ne Galileo, mutumin Italiya, ya ga watanni huɗu suna kewaya duniyar Jufita a daren hunturu, cikin Janairu 1610.

Iri na biyu shi ne mai madubi a gindi. Madubin ya na da ɗan zurfi kamar tasa. Haske ya shiga ta baki, ya bugi madubin, ya dawo, wani ƙaramin madubi ya karkata shi gefe zuwa ido. Isaac Newton na Ingila ya ƙera irinta a 1668. Babban madubi ya fi babban gilashi sauƙin yi da araha, shi ya sa manyan na'urorin masu sha'awa galibi irin wannan ne.

Iri na uku ya haɗa gilashi da madubi cikin gajeren gwangwani, ga sauƙin sawa a mota, amma da tsada. Na huɗu kuwa, wanda mutane su kan raina, shi ne tabaron hangen nesa mai ido biyu, irin na sojoji.

To, ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Babban aikin na'urar hangen nesa shi ne tara haske, kamar yadda a ke tara ruwan sama. Wanda ya kafa baho ya fi wanda ya kafa moɗa samu. Ƙofar da haske ke bi ya shiga idon mutum ba ta wuce milimita 7 ba cikin duhu. Tabarau mai baki milimita 50 ya na tara haske kamar sau 50 na ido. Madubi mai faɗin inci 8, watau milimita 200, ya na tara kamar sau 800. In an ninka faɗin baki sau biyu, haske ya kan ninku sau huɗu.

Ƙara girman abu kuwa aikin ɗan ƙaramin gilashin da a ke ɗora wa ido ne, kuma a na iya sauya shi. Amma akwai iyaka. Ƙa'idar da masu wannan sha'awa su ke bi ita ce sau 50 ga kowane inci na faɗin baki. Na'ura mai baki milimita 60 ba ta da amfani in an wuce sau 120. In ka ga an rubuta sau 500 a jikin kwalinta, ka san tallar ɗan kasuwa ce. Abin da za ka gani dishi-dishi ne kawai.

Yadda gwajin ya kan kasance

Su kan jera na'urorin a fili ɗaya, su auna abu ɗaya, kowa ya leƙa ta ɗan'uwansa. Gani ya kori ji.

A ce sun fara da Kaza da 'Ya'yanta. A nan tabarau mai ido biyu ne ya ke cinyewa. Faɗin wannan taro a sama ya kai kamar wata huɗu a jere, babbar na'ura kuwa ɗan wuri kaɗan ta ke nunawa, sai ka ga 'yan tsaki biyu ko uku babu kaza. Da tabarau kuwa, inda ido ya ke ganin shida ko bakwai, sai ga taurari gommai a wuri guda.

Sai su koma kan Oriyon. Kusa da ɗamarar nan, ta wajen kudu, akwai wani wuri fari-fari kamar hayaƙi. Gajimaren iska ne da ƙura inda sababbin taurari su ke samuwa. Hasken da mu ke gani daga can ya yi fiye da shekara 1,300 a hanya, ko da ya ke haske ya na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. A tabarau ɗan tabo ne. A ƙaramar na'ura mai gilashi a kan ga taurari huɗu manne da juna a tsakiyarsa. A madubi mai inci 8 kuwa sai ya buɗe kamar fukafukan tsuntsu. Nan babbar na'ura ta rama.

In Jufita ya na sama a daren, a nan ne gardama ta kan yi zafi. Ƙaramar na'ura mai gilashi ta kan nuna shi tas tun da farkon dare, da ratsi biyu a jikinsa, alhali a babbar sai rawa ya ke yi kamar abin da a ke hange ta saman wuta. Bayan awa ɗaya kuwa sai babbar ta natsu, ta nuna abin da ƙaramar ba ta iya ba. Dalilin wannan sanyi ne.

Abin da sanyi ke yi wa kaya

Madubin da aka fito da shi daga ɗaki mai ɗumi ya kan riƙe ɗuminsa. Iskar da ke kansa ta yi ta tashi ta na murɗa haske. Sai ya huce daidai da iskar waje kafin ya yi aiki sosai, kuma madubi mai kauri ya kan ɗauki awa ɗaya ko fiye. Ƙaramin gilashi kuwa nan da nan ya ke hucewa.

Ba shi ke nan ba. Raɓa ta kan sauka a kan gilashi ta daskare. In mutum ya yi numfashi kusa da wurin ɗora ido, sai ya dushe. Man da aka shafa wa ƙarafan juyawa ya kan yi tauri. Na'urorin zamani masu neman tauraro da kansu da batir su ke aiki, batir kuwa ya na saurin mutuwa cikin sanyi. Sau da yawa mai na'ura mai tsada ya na fama da wayoyi da yatsu a sandare, maƙwabcinsa mai ta katako ya riga ya ga abu goma.

Ita wannan ta katako, wani Ba'amurke ne mai suna John Dobson ya yaɗa ta tun daga shekarun 1960 a birnin San Francisco. Ya kan goge madubi daga gilashin tagar jirgin ruwa, ya sa shi cikin gorar kwali mai kauri, ya ɗora a kan akwatin katako mai juyawa. Da hannu a ke tura ta. Har yau da sunansa a ke kiran irinta.

Wa da ƙanwa cikin dusar ƙanƙara

Wannan gardama ba sabuwa ba ce. William Herschel mutumin Jamus ne da ya zauna a garin Bath na Ingila, ya na koyar da kiɗa, ya na kaɗa ogan a wata majami'a. Kallon taurari sha'awa ce gare shi. Da ya ga na'urorin sayarwa sun fi ƙarfin aljihunsa, sai ya shiga zuba madubi da kansa, da tagulla da kuza. Akwai ranar da ya yi awa 16 ya na gugar madubi bai ɗaga hannu ba, ƙanwarsa Caroline ce ta riƙa sa masa abinci a baki.

Ran 13 ga Maris 1781, a bayan gidansa, da na'ura mai madubi inci 6 da 'yan kai, ya ga duniyar da yanzu a ke kira Yuranus. Shekara ta kewayo ya kai na'urarsa Greenwich, wurin da agogon GMT ya samo sunansa, aka jera ta da na'urorin masanan sarki. Ta makaɗin nan ce ta fi. Sarki George na Uku ya yanka masa fam 200 a shekara don ya bar kiɗa.

Daga 1783 ya yi aiki da wata mai tsawon ƙafa 20. Shi ya na bisa tsani a waje ya na faɗin abin da ya gani, Caroline ta na rubutawa, wani lokaci har tawada ta daskare a cikin kwalba. A daren 31 ga Disamba 1783, ta na sauri cikin duhu don ta gyara na'urar, sai ta zame a dusar ƙanƙara, wata ƙugiyar ƙarfe ta shige mata ƙafa sama da gwiwa. Da ta warke ta koma bakin aiki. Su biyun nan sun rubuta wurare kamar 2,500 na gajimare masu haske da tarin taurari.

Ga inda darasin ya ke. A 1789 Herschel ya gama wata ƙatuwa mai tsawon ƙafa 40, madubinta inci 48. Babu kamarta a duniya a zamanin. Mutane su ka yi ta zuwa kallo. Amma juya ta sai da mataimaka, madubinta kuma ya na saurin dushewa, sai an yi ta guga. Yawancin aikin da a ke tunawa da shi, da mai ƙafa 20 aka yi. Caroline kuwa, galibi da ƙananan na'urori ta gano taurari masu wutsiya guda 8 tsakanin 1786 da 1797.

Haka kuma George Alcock, wani malamin makaranta a Ingila. Da tabarau mai ido biyu ya gano taurari masu wutsiya guda 5 tsakanin 1959 da 1983. Sirrinsa shi ne ya haddace wuraren dubban taurari, har in baƙuwa ta bayyana ya gane ta. Ashe na'urar da ta fi ita ce wadda mai ita zai iya fitowa da ita dare bayan dare. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu fa?

Taurarin nan da su ke shan wahala dominsu, su ne a kanmu da hunturu, kuma mun fi su samun wuri mai kyau. A Landan ɗamarar Oriyon ba ta kai rabin hanya zuwa tsakar ka. A Kano ko Jos kuwa, tsakiyar Janairu wajen ƙarfe 10 na dare, kusan a tsakar ka ta ke. Bi layin taurarin nan uku zuwa kudu maso gabas, za ka iske Siriyus. Bi shi ta ɗaya gefen, za ka kai ga Kaza. Can ƙasa wajen kudu akwai Kanofus, ta biyu a haske, wadda ba ta fitowa a Ingila ko kaɗan. Abokin gabanmu hazo ne. A jira daren da ƙura ta lafa kuma babu farin wata.

Ga shawararmu ga iyaye. A fara da ido, a koya wa yara taurari biyar ko shida. A kashe fitila a zauna minti 20 zuwa 30, gama sai a lokacin ido ya ke sabawa da duhu. In ya zama dole a haska, a rufe bakin tocila da jan ƙyalle. A sa wa yara rigar sanyi da hula. In akwai halin saye, tabarau mai ido biyu wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa ya isa shekara da shekaru. A jingina gwiwar hannu a kan katanga don kada ya yi rawa. Mai son na'ura kuwa, ya tambayi faɗin bakinta, ya girgiza ƙafafunta a kanti. In ta yi rawa a can, a gida ma rawa za ta yi.

Gargaɗi ɗaya, kuma a faɗa wa yara da babbar murya: kada a kuskura a dubi rana da tabarau ko da na'ura, ko da na ƙiftawar ido ne. Ta na iya makantar da mutum har abada. Da rana a ɓoye kayan inda yara ba za su kai ba, sai magariba ta yi a fito da su.