Fulan Mai Karamel: Darasin Da Ƙwai 12 Suka Koya Mana

 Mu ƴan mata na ajin ƙarshe mun zaɓi mu yi bayani a kan wani abin zaƙi da ake kira fulan, wanda Larabawa ke ce ma kirim karamil. Madara ce da ƙwai da sukari ake turarawa har su kama jikinsu, in an kife a faranti sai ruwan toyayyen sukari ya gangaro ta gefe.

Dalilin zaɓen namu shi ne, bara da walimar ƴan ajin da ke gabanmu ta matso, muka yi karo-karo muka sayi ƙwai 12 da garin madara don mu burge baƙi. Muka hura wuta kamar masu dafa wake. Da muka buɗe tukunya, sai ga abu duk huji kamar soso, ruwa ya ware gefe guda, ga ƙarni. Ba wadda ta iya kai shi baki. Kuɗi sun tafi, kunya ta rage mana. Yayar ɗaya daga cikinmu ce ta zaunar da mu ta ce: "Ƙannena, hannunku lafiya lau yake, wutarku ce ta yi yawa." Tun daga ranar muka gane cewa sirrin fulan yana ga wuta.

Kayan haɗi na mutum 5 zuwa 6: madara rabin lita (in ta gari ce, babban cokali 8 a rabin litar ruwa), ƙwai 4, sukari babban cokali 5 na cikin madara, wani cokali 6 na karamel, sai abin ƙamshi.

Da madara ake farawa. Mukan ɗora ta a wuta, mu jefa guntun kirfa da kanumfari 2, ko ɓawon lemu da aka fere sama-sama ban da farin, don farin yana da ɗaci. In ta fara tururi sai mu sauke, mu rufe minti 15 ƙamshin ya shiga, sannan mu tace. Abu biyu ne ba a sawa. Na ɗaya ruwan lemun tsami, don tsami yana tsinka madara. Na biyu ruwan ɗanyar citta, ita ma tana da wani sinadari mai daskarar da madara mai ɗumi. Mai son citta ta sa busasshiya. In banila ake so, sukarin banila na ƴar takarda ya fi mana kwanciyar hankali, saboda wasu na kwalba da giya ake jiƙa su. A riƙa karanta abin da aka rubuta a jiki.

Sai karamel. Mu zuba sukari cokali 6 da ruwa cokali 2 a ƙaramar tukunya, wuta matsakaiciya. Ba a juyawa da cokali, in an juya sukarin yakan koma tsaki-tsaki. Tukunyar kawai ake ɗan karkaɗawa. Zai tafasa, ya yi fari, ya koma kalar zuma. To nan ne wurin tsayawa. In ya kai kalar gahawa ya ƙone, kuma ɗacinsa ba ya gyaruwa. Nan take mu juye a kwanon silba, mu jujjuya ya rufe gindin. A yi hattara ƙwarai: sukari ba ya yin wannan kala sai zafinsa ya kai wajen digiri 160 zuwa 170, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. In ya ɗiga a hannu mannewa yake. Kar a ɗanɗana da yatsa, kuma a kori ƙanne daga bakin murhu.

Bayan haka mu fasa ƙwai, kowane a ɗan kofi tukuna, kar ruɓaɓɓe guda ya ɓata sauran. Mu sa sukari cokali 5, mu kaɗa a hankali, ba irin kaɗin wainar ƙwai ba, don kumfa ita ma tana kawo huji. Sai mu tsiyaya madarar da ɗuminta kaɗan-kaɗan muna juyawa. In aka kwara ta da zafi gaba ɗaya, ƙwan dahuwa zai yi tun a kwano. Mu sake tacewa da rariya, mu zuba a kan karamel ɗin da ya riga ya daskare.

Yanzu ga inda muka faɗi bara. Ƙwan da aka haɗa da madara da sukari yana kamawa ne a wajen digiri 80 zuwa 85, wato kafin ruwa ya tafasa. In zafi ya wuce haka, sai ƙwan ya takure ya matso ruwan da ya riƙe, kamar yadda ake matse tsumma. Shi ne hujin nan da ruwan da muka gani. Don haka ba a ɗora kwanon kai tsaye a wuta. Mukan shimfiɗa tsumma mai tsabta a gindin babbar tukunya, mu aza kwanon a rufe, mu zuba ruwan zafi ya kai rabinsa. Wadda ta iya turara alala a gwangwani ta san rabin aikin, sai dai fulan ya fi alala rashin son wuta. Ruwan ya riƙa motsi kaɗan, kar ya ɓararraka. In murhun gawayi ne, mu rage garwashi mu yayyafa toka a kai.

Bayan minti 40 zuwa 45 sai mu soka wuƙa a tsakiya. In ta fito ba madara a jikinta, ya yi, ko da tsakiyar tana ɗan rawa. Zai ida kamawa in ya huce.

Saura haƙuri na ƙarshe. In ya huce, ya shiga firigo aƙalla awa 4, kwana ya fi. A lokacin ne karamel ke jawo ruwa daga jikin fulan ya narke ya zama miyarsa. Wadda ba ta da firigo ta sa kwanon a kula da ƙanƙara. Amma mu tuna zafin Maraɗi a watan Afrilu ba ya wasa da ƙwai da madara: kar a bar shi a waje fiye da awa 1, in kuma wutar lantarki ta daɗe da ɗaukewa a cinye a ranar. Wajen juyewa, mu zagaya gefen da wuƙa, mu kifa faranti a kai, mu juya gaba ɗaya.

Bana mun sake gwadawa, da ƙwai 4 kawai, don in ya lalace asarar ba ta da yawa. Ya fito sumul, har malamarmu ta nemi ƙari. Shawararmu ga ƙannenmu da za su yi walimar baɗi: ku fara da kaɗan, ku rage wuta, ku daina buɗe tukunya kowane minti. Allah ya sa albarka a hannuwanku.